Da Sauƙin da Ya Kusa Raba Ni da Gonata

Tun da na dawo daga Damagaram ba ni da sakat. A masallaci a tare ni, a bakin kanal a tare ni, har mai shayin bakin titin Bunkure ya riƙe mini kofi ya ce ba zai sakar mini ba sai na faɗa masa ko gaskiya ne an ciro idona an wanke an mayar. Ba a ciro ba, jama'a. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna zan zayyana labarin sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in wuce gona.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isiyaku, noman rani ne sana'ata. Eka biyu gare ni a ƙarshen layin ruwa, wadda mahaifina ya samu tun lokacin da aka yanka filayen nan. Shekara biyu ke nan da babur ya zame da ni a hanyar kanal ina ɗauke da buhun taki, kaina ya daki simintin gada. Na farfaɗo a asibiti na ga matata Ladidi guda biyu a tsaye kaina, dukansu suna kuka. Idona na hagu ya karkace ya nufi hanci, na zama harara-garke da girmana, komai kuma na duniya ya koma bibbiyu. Likita a Kano ya ce in jira wata shida ko zai koma da kansa, in bai koma ba in dawo. Wata shida suka wuce bai koma ba, ni ma ban koma ba.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗa ba: ganin nan yana da nasa daɗin. Da yamma in na zauna a gaɓar kanal, rana biyu ke faɗuwa cikin ruwa, ɗaya ja sosai, ɗaya kamar an shafa mata toka. Balbela goma su tashi in ga ashirin. Sai in ji kamar akwai wata duniya maƙale a gefen tamu, komai na nan a cikinta, sai dai hannu ba ya kama shi. Har nakan zuba wa gonar ta biyun ido ina tunanin ko a can mahaifina bai rasu ba, ko yana duƙe a wani fangali yana gyara wa ruwa hanya. In na daɗe a haka sai kiran magariba ya tashe ni.

To amma noma ba mafarki ba ne. Gaɓar da ke tsakanin fangali da fangali ba ta fi tafin ƙafa faɗi ba, ni kuwa biyu nake gani, sai in taka wadda babu ita. In na rufe ido ɗaya gaɓar ta koma ɗaya, amma nesa da kusa su rikice mini, kaina ya ɗau ciwo. Sau uku ina faɗawa ruwa. Na ukun babban ɗana Nasiru ne ya jawo ni, na ce masa zafi ne ya ishe ni na shiga da gangan. Bayan an yanke shinkafa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, in lokacin dashen tumatir ya yi idon nan bai gyaru ba, ka yi haƙuri mu ba da gonar haya ka huta a gida. Ba zan jira ranar da za a tsamo mini kai ba." Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya yi mini ciwo.

A cikin satin ne yayata Kande ta bugo waya daga Damagaram, inda take aure tun ina saurayi. Ta ce wata likitar ido ta zo wani ƙaramin asibiti a unguwarsu, aikinta ke nan miƙe idon manya, makonni kaɗan za ta yi, mutum kaɗan kuma za ta ɗauka. Ta ce in ban zo ba ba ita ba ni. Da na rasa ɗan rakiya sai Sabi'u ya ce shi zai kai ni. Sabi'u taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, dillalin tumatir, bakinsa ba ya gajiya. Tun da idon ya karkace ya daina kirana da sunana, Harara yake ce mini, ba ni da ikon yin fushi.

Muka yi sammako zuwa Kano, daga can muka hau motar Daura. An cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, kusa da ni wata dattijuwa mai ƙullin daddawa. Muna wuce Kazaure na so in karanta wani allo a bakin hanya, sai na kashe ido ɗaya kamar yadda na saba, ashe fuskata na saitinta. Ta ja mayafi ta ce, "A'a! Malam, da furfurarka? Ni kakar wasu ce fa." Mota ta kwashe da dariya. Sabi'u, maimakon ya cece ni, sai ya ce, "Haka yake fama, Hajiya, shi ya sa ba ma barinsa ya fita shi kaɗai." Da ta fahimci lalura ce kunya ta kama ta, ta yi ta ba ni haƙuri, har ta ɓallo mini daddawa ta ce in kai wa mai ɗakina.

Daga Daura zuwa iyaka ba nisa. Ni da nake zaton iyakar ƙasa wani katon bango ce, sai na tarar da igiya da ganga da rumfa. Geron wannan gefe da na wancan gefe tsayinsu ɗaya, awaki na ƙetarawa ba mai tambayarsu takarda. Mu aka tambaya. Wani jandarma dogo ya miƙo hannu, na ga hannu biyu, na zaɓi ɗaya na saka masa katina, kati ya faɗi ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Ya dube ni, ya dubi katin. Sabi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, abokin aikinka ya ba wa, wanda ke tsaye a gefenka." Jandarman ya waiga bai ga kowa ba. Da aka yi masa bayani ya yi murmushi, ya duƙa da kansa ya ɗauko, ya ce, "Allah shi ba ka lahiya, Baba."

Bayan Matamaye ƙasa ta buɗe. Na jingina da taga na bar idanuwan suka yi abin da suke so. Raƙuma biyu suka zama huɗu suna tafiya a jere, ba sauri, na gaske da na bogi duk kansu a sama. Kwalta ta rabu biyu a gabanmu, direba na bin ɗaya, ɗayar ta nausa cikin gero ba kowa a kanta. Na yi ta tunanin ina za ta kai mutum. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na farka na ga manyan duwatsu a tattare kamar buhunan da aka jibge a kasuwa, aka ce mun iso.

Yaya Kande ta tsufa, amma muryarta na nan. Ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta hagu ta juya ta dama, ta ce, "Wannan ne da sauƙin da kake ce mini a waya?" Aka sauke mu a zauren gidan, aka kawo fura, wadda su hura suke ce mata, mai sanyi da cukui a ciki. Da safe kuwa burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa har yanka dasashi yake. Sabi'u ya ce a ajiye masa ɗaya ya tafi da shi gida saboda karnukan unguwarsu. Shayinsu kuma a ɗan mitsitsin kofi, zagaye uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwa. Mu da ruwa ke wucewa ta bayan gidajenmu dare da rana, yara na iyo, mata na wanki, har faɗa muke in ya yi yawa ya kwantar da shuka. A unguwar Yaya famfo sai ya yi kwanaki bai ce uffan ba, sai mai ga-ruwa ya turo kurarsa. Na cika buta zan yi alwala yadda na saba, na ga jikokinta sun tsaya suna kallon ruwan da ke bin ƙasa kamar na zubar da mai. Ruwan da aka wanke shinkafa ba a zubarwa, na awaki ne. Daga ranar na koyi alwala da rabin buta.

Ranar da muka je asibitin, wanda mutanen can ke ce wa likita, mai maganin kuma lokotoro, mun tarar da layi. Ban taɓa sanin masu irin idona suna da yawa haka ba. Kowa ya karkatar da kai ta gefen da ya fi masa, kowa na kallon ƙasa, ba mai son haɗa ido da wani. Lokotoron mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta rufe mini ido ɗaya ta buɗe, ta sa na bi bakin alƙalaminta sama da ƙasa, ta ɗora mini jan gilashi ta kunna fitila ta ce guda nawa nake gani, ina jar take, ina farar. Sannan ta ɗauko wata sandar gilashi mai hawa-hawa tana sauke ta a gaban idona a hankali. A wani hawa, kwatsam, fitilun biyu suka matso suka haɗe. Ta janye sandar suka sake rabuwa, ta rubuta lamba.

Daga nan aka tura ni wurin wata ma'aikaciya, Madam Hadiza, mai takarda da tambayoyi wajen ashirin. Ta ce awon gilashi ya nuna yadda idon ya karkace, wannan kuma zai nuna yadda karkacewar ta taɓa zamana. Kowace tambaya amsa biyar ce: ko kaɗan, da wuya, wani lokaci, sau da yawa, ko kullum.

A nan ne na tafka ta. Mu gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina ya shekara uku a kwance ban taɓa jin ya ce wash ba. Yakan ce wanda ya zauna yana lissafa wa mutum ciwonsa, ƙarar Ubangijinsa ya kai wurin bawa. Da wannan aka raine ni. Ko ana ɗauke da mutuminmu ranga-ranga, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi.

Ta ce, "Baba, gani biyu yana hana ka aikinka?"

Na ce, "Alhamdulillahi, ana taɓawa."

"Cikin biyar ɗin wanne zan sa?"

"Sa da wuya."

"Kana jin tsoron taka matakala ko wuri mai tudu da kwari?"

"Da sauƙi, 'yata. Ko kaɗan."

"Kana kauce wa kallon mutane saboda idonka?"

"Haba, me zai sa? Halittar Allah ce."

Haka muka yi har ƙarshe, ina jin kaina wani gwarzo. Ta haɗa lissafinta ta shiga ciki, ta fito ta ce, "Baba, lokotoro ta ce idonka ya karkace sosai, amma tunda bai dame ka ba, ka gode wa Allah. Gurbin kaɗan ne, akwai waɗanda abin ya hana su rayuwa, su za a fara yi wa. In ta sake zagayowa baɗi ka dawo." Ni kuma, don Allah ku ji wauta, na ce na gode, na sa takalmina na fito.

Sabi'u na jin abin da ya faru ya cire hula ya buga da ƙasa. "Amma kai Harara an yi asarar kuɗin mota! Mutumin da ya ba wa iska katinsa shi ne ko kaɗan?" Na san baɗi war haka wani ne zai ɗebi tumatir a gonar mahaifina, na kuma san da bakina na miƙa masa ita. Muka taho gidan Yaya ina bin titi biyu, ban damu da wanda na taka ba.

Yaya Kande ba ta yi faɗa ba. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida sai mai ga-ruwa ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya, "Akwai ruwa a gidan?" Ta amsa tun daga inda take, "Babu ko ɗigo! Randa ta bushe ƙaf!" Ya shigo ya juye mata jarka biyu. Da ya fita ta juyo gare ni.

"Isiyaku, ka ji na ce masa alhamdulillahi?"

Na ce a'a.

"To na kai ƙarar Allah ke nan? Shi ya tambaya don ya san gidan da zai shiga. In na ce da sauƙi wucewa zai yi, mu kwana da ƙishi, kuma ba lada zan samu ba." Ta gyara zama. "Kai ba ni aka ba labarinka ba? An ce in ranar ruwanku ta zo, mai buɗe ƙofar kanal ya tambaya ko ya isa ƙarshen layi, ana jin muryarka har Kura. Ka taɓa ce masa da sauƙi alhali fangalinka a bushe?"

Ban taɓa ba. A kan ruwan gona ni ba na jin kunyar kowa, don in na yi shiru tumatir ne zai mutu, shi kuwa ba shi da baki. Yaya ta ce, "Baba da kake koyi da shi, ciwon da ba shi da magani ya yi wa haƙuri. Kai an ɗora maka magani a ido ka ga fitila ta haɗe, sannan ka ce ba ka so."

Washegari tun ba a buɗe ƙofa ba muna bakin asibitin. Madam Hadiza ta gan ni ta ɗaure fuska. Ta ce ba a sake wa mutum takarda don ya ji ba a ɗauke shi ba, in ba haka ba kowa ma kullum zai ce. Na ce gaskiyarta. Na ce, "'Yata, jiya ba amsa na ba ki ba, gaisuwa na yi miki. A garinmu haka ake amsa ya jiki. Ki sake tambayata, kowace amsa zan kawo miki ranar da abin ya faru, ga shaidata nan a zaune." Ta dubi Sabi'u, ta dube ni, ta jawo sabuwar takarda.

Wallahi noman eka biyu da fartanya ya fi mini sauƙi a kan wannan zaman. Ta ce aiki, na ba ta labarin faɗawa ruwa uku, da ƙaryar da na yi wa ɗana. Na faɗa mata ranar da na yini ina ban ruwa, ashe rabin tiyon a fangalin maƙwabcina na jefa. Ta ce matakala, na ce na daina hawa masallacin Juma'a ta ƙofar gaba, ina zagayawa ta inda ba tudu. Ta ce kallon mutane. Na ce kullum. Na ce shekara biyu ban je ɗaurin aure ba sai na tsaya a baya. Na ce in ina magana da mutum sai ya waiga ya ga wa nake kallo, shi ya sa na koma magana da ƙasa. Na ce Ladidi takan matsar da kofi a hankali ya dace da bakin butar da nake zubawa, tana zaton ban sani ba, ni kuma ina yi kamar ban sani ba, ko sau ɗaya ban ɗago na dube ta na ce na gode ba. Hawaye suka zubo mini, su dai ta ido biyun suka fito daidai.

Sabi'u, wanda tun muna yara ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, yana zaune ya sunkuyar da kai. Da Madam Hadiza ta tambaye shi ko haka ne, sai ya ce, "Wanda na sani haka ne. Sauran yau na ji." Ta shiga da takardar ta daɗe. Lokotoro ta fito da kanta, takarda biyu a hannunta, ta jiya da ta yau. Ta ce awonta na gilashi da ta yau ne suka yi daidai, dama ta jiya ta ba ta mamaki. Ta ce ranar Laraba in zo ban ci komai ba.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, barci aka sa ni. Yadda ta yi mini bayani, igiyoyin nama ne ke jan ido kamar yadda ake jan shanun huɗa, ta waje ta saki, ta ciki ta rinjaye ta, sai ta sassauta wannan ta ɗaure waccan. Da aka cire bandeji idon ya yi ja kamar gauta, yana ruwa, komai dishi-dishi. Na ƙifta, na sake ƙiftawa. Wani mutum ya duƙo kaina da hula a karkace.

Na ce, "Sabi'u, ashe kai ɗaya ne?"

Ya ce, "Da mu nawa ne?"

Na ce, "Alhamdulillahi. Biyu sun yi wa duniya yawa."

Ya yi dariya har da shessheƙa, daga baya na lura ba dariya kaɗai ba ce. Tun daga ranar ya rasa sunan da zai kira ni, har yanzu yana nema.

Mun ƙara mako biyu ana ɗiga magani. Kafin a sallame ni Madam Hadiza ta sake jawo takardarta, tambayoyin nan dai. Na amsa mata tsakani da Allah. Gaba da ƙasa abu ɗaya nake gani. In na saci kallo can gefen hagu ba tare da na juya kai ba, har yanzu yana rabuwa biyu, lokotoro ta ce mai yiwuwa haka zai zauna, na ce a rubuta wani lokaci. A hanyar dawowa na yi ta neman kwaltar nan ta biyu da ta shiga cikin gero, babu ita. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan ji kewa.

Mun iso gida irin tumatir ya kai dashe. Na tarar Nasiru ya riga ya yi maganar hayar gonar da wani mutumin Kura, saura a tsayar da rana. Ban yi gardama da shi ba. Ranar ruwanmu na ce ya biyo ni. Muka tsaya a bakin gonar, ruwa ya cika fangali ta dama da ta hagu, gaɓar nan siririya ta miƙe a tsakiya har ƙarshe, ita kaɗai. Na tuɓe takalmi na hau. Ban yi sauri ba, ban kuma rufe ido ba. Laka na shiga tsakanin yatsuna, ina jin Nasiru a bayana ya riƙe numfashi kamar ni ne yaron shi ne uban. Da na kai ƙarshe na juyo na dawo ta kanta.

Ya ce, "Baba, ya idon?"

Bakina ya buɗe zai ce da sauƙi, na kama shi. Na ce, "Gaba lafiya lau. Gefen hagu da saura, in za ka yi mini magana ka riƙa zagayowa ta dama. Ruwan da na faɗa ran nan kuma ba zafi ne ya ishe ni ba."

Ya ce, "Na sani, Baba."

Ya ciro waya ya kira mutumin Kura ya ba shi haƙuri. Kafin ya gama na saci kallo ta gefen hagu, gonar ta biyu ta ɗan leƙo, ruwanta na ƙyalli, ba kowa a cikinta. Na juyo da kaina sosai ta koma cikin tamu. Daga nesa na hango Ladidi tafe da kwanon abinci a ka, na tsaya a kan gaɓar na zuba mata ido tun daga gada har ta iso, ban sunkuyar da kai ba. Ta sauke kwanon ta ce, "Malam, lafiya kake kallona haka?" Na ce, "Zauna, akwai godiyar kofi da ban yi miki ba."